Munduwa Mai Sawun Zabuwa

'Yata Abrar, mai karatun Turanci a jami'a, ta zo mini da wani labari ran nan muna cikin tasi a hanyar unguwar Shisha a nan Makka. Wai kalmar da Turawa ke kiran abin hannu da ita ba ado kaɗai ta taɓa nufi ba. A da can, in ji ta, har ƙarfen da mayaƙi ke kare wuyan hannunsa da shi haka suke kiransa, daga baya kuma ɓarayinsu suka ɗauki sunan suka laƙaba wa ankwar 'yan sanda. Ta gama tana kallona, jira take in riƙe baki. Ni kuwa dariya ce ta ƙwace mini, har direba ya leƙo mu ta madubi. Na dafa munduwar da ke hannuna na ce, "Da kakata na raye, da ta ce mutanen nan rowar suna gare su."

Kaka Dije ita ce mahaifiyar Abbanmu, kuma sunanta na ci, shi ya sa ba ta kirana sai da Takwara. A unguwar Utaibiyya muka tashi, cikin wani tsohon gida mai matsattsen bene a gangaren dutse, inda in maƙwabciya ta soya albasa sai kowa ya san abin da za ta ci. Sana'ar Kaka suyar gyaɗa. Da an idar da magariba sai ta hau saman bene da kaskonta da yashinta, ta hura gawayi, ta miƙe ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ɗaya. Mu jikoki mu kewaye wutar, ba don sanyi ba, don Makka ba ta cika ba mutum wannan uzurin ba. Ƙamshin gyaɗa ne ke jawo mu, tatsuniya kuma ta zaunar da mu.

Doka ɗaya ce a saman benen nan: Hausa. A ƙasa mu yi ta zuba Larabcinmu kamar famfo, ba ruwanta. Amma wanda ya hau sama ya kuskura ya ce mata "ya sitti", wato "kakata" da Larabci, to ranar sai dai ya ga gyaɗa a bakin wasu. "Sittin taku tana ƙasa," haka take cewa, "nan Kaka ce." Da haka muka iya Hausa, da ciki muka koye ta.

In tana juya gyaɗa, munduwarta takan bugi bakin kasko, kwal, kwal. Wannan ƙarar ita ce sautin yarintata. Munduwar tagulla ce, mai kauri da nauyi, duk ta sha hannu ta yi santsi. Bakinta a buɗe yake, ba a haɗe ba, kowane gefe da ɗan dunƙule, a bayanta kuma an buga wata alama kamar sawun zabuwa a tsakanin layi biyu. Kaka ba ta yarda a kira ta da sunan da ba nata ba. Ƙanena Yusuf ya taɓa ce mata awarwaro, sai da ya sha wa'azi. Awarwaro siriri ne, na 'yan mata masu son a ji tafiyarsu. Ƙarau na gilas ne, yau ka saya gobe ka share ɓaraguzansa. Kambu na maza ne, fata ce da laya a ciki, a damtse ake ɗaura shi. "Wannan kuwa munduwa ce," ta ce, tana ɗaga hannu a hasken gawayi, "kuma daga Kukar Maƙera ta fito."

Kukar Maƙera shi ne garin da aka haife ta a ƙasar Katsina. Tana ƙaramar yarinya ta baro shi tare da mahaifiyarta cikin ayarin masu zuwa Hajji da ƙafa, kuma ba ta sake komawa ba. Duk shekara in alhazan ƙasar Hausa sun zo, sai ta tare su da tambaya a inda take sayar da gyaɗa. Wannan ya ce bai taɓa ji ba, wancan ya yi ta tunani ya ce ko dai wani gari take nufi. Ba a taɓa samun wanda ya san shi ba. Har Abba ya fara cewa a bayan idonta, cikin tausayi, wataƙila sunan ya gauraya mata da tatsuniya. Ba mu da hoton garin, ba mu da dangi a can da muka sani. Munduwar nan ita kaɗai ce shaidar cewa daga wani wuri muka fito.

Rigimar ta taso ne shekarar da za a yi bikin yayata Maryama. Matan dangin ango suka zo gaisuwa, aka sha shayi aka yi hira lafiya lau. Da za su fita, wata a cikinsu ta ja Ummanmu gefe, ta ce mata cikin raɗa, wai don nasiha, ya kamata a cire wa tsohuwa wannan ƙarfen kafin ranar biki. Wai irinsa ne ake sa wa bayin da aka kawo sayarwa a zamanin da, kada mutane su gani su yi magana. Umma ta yi kuka a kicin. Washegari Abba ya dawo daga kasuwa da ƙaramin akwati mai jan karammiski. Awarwaron zinari ne a ciki, irin wanda ake kira banajir a nan, yana ta walƙiya.

Ban taɓa ganin laifin Abba ba a wannan. Mutum ne da ya sha jin kalmomi tun yana makaranta, ya haɗiye, kuma ba ya son ko ƙuda ya taɓa uwarsa. Ya hau bene bayan magariba, abin da ba ya yi, ya durƙusa ya ajiye akwatin a gabanta.

"Inna, ga wannan. Ki sa shi ranar bikin."

Kaka ta buɗe, ta duba, ta sa albarka. Shi ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Allah ya yi albarka, baban su Maryama. Hannu biyu gare ni, ai zai samu wuri."

"Inna, waccan ɗin nake so ki ajiye. Shi ke nan, ta yi aikinta. Mutane na magana."

"Me suka ce?"

Abba ya sunkuyar da kai. Bai iya maimaitawa ba, ita kuma ba ta matsa ba, don ta riga ta sani. Ta rufe akwatin ta tura shi gefe, ta ci gaba da juya gyaɗa. Ya miƙe zai sauka, ya kai bakin matakala, sai ta juyo wajenmu ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta buɗe tatsuniya.

"Ga ta nan ta sha hanya, ta iso ƙofarku."

Mu kuma muka amsa yadda ta koya mana: "Ta shigo ta sha ruwa, mu ji ta."

Na lura Abba bai sauka ba. Ya zauna a kan matakalar farko, ya ba mu baya.

Wai an yi wani maƙeri a wani gari mai babbar kuka. Ƙafarsa ɗaya ta mutu, ba ya iya tafiya mai nisa. Da ayarin gabas ya tashi, matarsa ta ɗaura niyyar Hajji, za ta tafi da 'yarsu guda. Maƙeri bai hana ba. Sai ya hura wutarsa, ya narka tagulla, ya ƙera wa yarinyar munduwa. Ya yi ta da girma, don ya san hanyar mai cin shekaru ce, yarinya za ta girma a kanta. Ya buga sawun zabuwa a bayanta, alamar maƙeran garin, don duk wanda ya tsinci yarinyar ya san tana da mutane. Amma bai haɗe bakin ba.

Yarinya ta ce, "Baba, ka rufe mana, za ta faɗi."

Nan Kaka takan sauya murya ta yi ta maza, mai kauri. "In ta faɗi ki ɗauka. A garin nan ba ma rufe wa ɗanmu ƙarfe. Ke za ki sa, ke za ki cire."

Haka yarinya ta tafi da munduwa a damtse, an cusa mata tsumma don kada ta zame. Ayari ya yi ta tafiya, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma a gonar wasu, su tsinci auduga, su ƙara gaba. Munduwa ta sauko daga damtse zuwa gwiwar hannu, daga nan zuwa wuyan hannu, aka yar da tsumman. Ranar da suka iso bakin teku sai suka tarar da wani dodo mai rawani ya tsare mashigar jirgi. A bayansa ga mutane a jere, kowanne da mari, ƙarfen ɗaure bayi, a hannu. Dodo yana duba hannun duk wanda ya zo wucewa. Da ya ga yarinya sai ya daka tsawa: mai ƙarfe a hannu yana da ubangiji, tunda kuwa ubangijinta bai zo ba, ta zama tasa.

Manyan ayari suka yi tsuru-tsuru. Uwar ta fara kuka. Ita kuwa yarinya sai ta matso gaban dodo, ta karkata hannu, ta zare munduwar ta ɗaga sama kowa ya gani.

Kaka na faɗin haka sai ta ajiye ludayin juya gyaɗa. Ta karkata hannunta, ta murza, munduwar ta fita. Tunda aka haife mu ba mu taɓa ganin ta a waje da hannun nan ba. Inda take zama fatar ta yi haske, ta ɗan lotsa.

"Ta ce masa, ga ta na cire, ga ta na mayar. Naka ƙarfen akwai mai cirewa da kansa? Dodo ya ja da baya. Sai ya canza fuska, ya ɗebo zinari, ya ce ta ba shi tagullar ya ba ta wannan. Yarinya ta duba zinarin ta ce, naka ya san sunan garinmu?"

Muka fashe da dariya. Kaka ba ta yi ba. Ta ce jama'a ma haka suka yi wa dodo dariya har kunya ta sa ya ba da hanya, yarinya da uwarta suka shiga jirgi. Yusuf ya tambaya, su waɗanda ke jere a baya fa? Kaka ta gyara gawayi. "Su ma 'ya'yan wasu ne, masu garuruwa kamar namu. Yarinyar ta waiwaya ta gan su har jirgi ya yi nisa. Kuma ku ji da kyau, ko da mari ne a hannun mutum, abin kunyar na wanda ya sa masa ne." Sannan ta rufe da abin da take rufewa da shi: "Ta sha ruwanta ta koma, wanda ya ji ya riƙe."

Ta miƙa hannu wajen matakala, munduwar na kan tafinta.

"Baban su Maryama, ga ta. In ka ga a ajiye, ka ɗauka da hannunka."

Abba ya juyo. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Ya taso, ya durƙusa, ya karɓa. Na ce a raina shi ke nan. Ya juya ta a hasken gawayi, ya shafa sawun zabuwar da babban yatsa, ya daɗe. Sai ya mayar da ita kan tafinta ya rufe yatsunta a kai.

"Ki yafe ni, Inna. Ki mayar da abinki."

Ta mayar, kwal, ta ɗauki ludayi. Gyaɗar ranar ta ƙone a gefe ɗaya, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Na matsa kusa da ita na ce, "Kaka, ke ce yarinyar ko?" Ta harare ni. "Ni? Ni da in na ga dodo ko takalmi ba zan tsaya ɗauka ba. Ci gyaɗarki, Takwara."

Ranar biki ta sa zinarin Abba a hagu, munduwa a dama, kuma da damar ta yi ta gaisawa da mutane. Ni da idona na ga ta naɗe hannun riga kafin ta miƙa wa matar nan hannu. Ban san abin da aka ce a bayanmu ba. Abin da na sani, ranar na yi ta bin Kaka duk inda ta sa ƙafa, ina ji kamar ni na ƙera munduwar.

Kafin ta rasu, tana kwance a gidanmu na Rusaifa inda muka koma, ta zare ta da kanta ta ɗora mini a cinya. Ba ta sa mini ba. Ta ce, "Ke za ki sa." Har ta bar duniya ba ta haɗu da wanda ya san Kukar Maƙera ba, wannan kuwa ya daɗe yana ci mini rai.

Hausar da na koya da gyaɗa ita ta ba ni aiki. Duk lokacin Hajji nakan yi tafinta a wata rumfa a Mina inda ake kawo alhazan da suka ɓata. Aikin ya yi sauƙi yanzu, don kowane alhaji ana ɗaura masa abin hannu na roba mai ɗauke da sunansa da ƙasarsa da masaukinsa. Ana dubawa, an san inda za a kai shi. To wata shekara da rana tsaka aka kawo mini wata tsohuwa, ƙafa duk ƙura, takalmi ɗaya. Ba ta san sunan masaukinta ba, ba ta san lambar kowa ba, kuma babu robar a hannunta.

Na ba ta ruwa na ce, "Iya, ina abin hannun da aka ɗaura miki?"

"Na sa an yanke shi, 'yar nan."

"Subhanallahi! Don me?"

"Abu ba baki? An ɗanne shi ƙam, ba ya fita, kamar akuyar da za a kai kasuwa. Mu a garinmu ba a rufe wa ɗa abu a hannu."

Na ajiye kofin da ke hannuna. Na ce ta maimaita. Ta maimaita, har da tsaki, ta ɗaga hannu tana nuna mini yadda abin kirki yake. Mayafinta ya zame. Munduwar tagulla ce, ba ta kai tawa kauri ba, bakinta a buɗe, a bayanta sawun zabuwa tsakanin layi biyu.

Sai na naɗe hannun abayata na ɗora hannuna kusa da nata. Tsohuwa ta duba, ta ƙara dubawa, ta cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

"Ke! A ina kika samu aikin gidan maƙeranmu?"

"Ta kakata ce. Ta ce daga Kukar Maƙera take."

Ta saki salati. "Wa ya faɗa miki wannan sunan? Rabon da in ji shi tun kakannina. Ai da hanyar mota ta zo, gari ya tashi ya koma bakin titi, aka sa masa wani suna. Yaran yanzu ko ka ce Kukar Maƙera ba su sani ba." Ta faɗi sunan na yanzu, kuma da shi muka gano ayarinta da tantinsu kafin la'asar. Amma kafin a zo ɗaukar ta sai da muka zauna mu biyu muka yi kuka kamar an yi mana mutuwa, muna dariya a tsakani, abokan aikina Larabawa na kallonmu sun rasa gane kanmu.

Na kira Abba a waya. Ya tsufa lokacin, ba ya fita sai masallaci. Shi Uwani yake kirana, saboda sunan uwarsa. Na ce, "Abba, garin yana nan. Ga wata daga can a gabana." Sai na ji ya ce:

"Uwani, tambaye ta, kukar fa?"

Na tambaya. Tsohuwa ta karɓe wayar ta yi magana da ƙarfi kamar mai kira daga gona. "Tana nan, Alhaji! A gindinta ake ɗaure jakuna ranar kasuwa."

Abba ya ce, "Allahu Akbar, Inna ta yi gaskiya," yana ta maimaitawa.

Da ƙyar na shawo kan tsohuwar ta yarda aka ɗaura mata sabuwar roba. Sai da na ce mata ita ma wannan aikinta ɗaya da sawun zabuwa, ta gaya wa wanda ya tsince ki cewa kina da mutane, kuma ranar da kika gama Hajji ke da kanki za ki yanke ta. Ta miƙa hannu tana gunaguni, ta ce to a bar mata sako-sako.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan labarin yarinya ce mai wayo da ta kunyata dodo. Da na girma na ga ashe ba don mu aka yi ta ba, don mutumin da ke zaune a matakala aka yi ta, kuma Kaka ta san ba za ta iya yi wa ɗanta na fari faɗa a gaban 'ya'yansa ba. Sai bayan ranar Mina na gane sauran. Wani gurgun maƙeri da ban san sunansa ba ya san ba zai sake ganin 'yarsa ba, amma bai ɗaure ta ba. Ya ba ta abin da za ta iya cirewa ta yar a kowace mashiga, ita kuma ta wuce da shi hamada da teku da bakin mutane, ba ta yar ba. Da wannan nake alfahari, kuma ba na ɓoyewa.

Duk wannan na ba Abrar labari a cikin tasin nan, rabi da Hausa rabi da Larabci, har muka wuce inda za mu sauka. Da na gama ta ce in ba ta munduwar ta gwada. Na zare na ɗora mata a cinya. Ta miƙo mini hannu don in sa mata, na kau da kai ina kallon titi. Ta daɗe tana juya ta kafin ta gano yadda ake karkata hannu, sannan na ji ta bugi ƙofar mota, kwal.